Mai gidan haya, ina rasit ɗinka?

Da zarar an ta da zancen haraji, tambayar masu gidajen haya ɗaya ce: nawa za a caje ni? Ni a ganina an yi riga malam masallaci. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, cikin kuɗin da na kashe wa gidan nan, wanne hukuma za ta yarda in cire, kuma me zan nuna mata?

A ƙasashe da yawa, abin da ya rage bayan an fitar da ɗawainiyar gida shi ake yi wa haraji, wato bayan ladan wakili, inshora, gyare-gyare, da kuɗin ruwa idan da bashin banki aka saya. Uwar kuɗin bashin kuwa ba ta cikin lissafi, duk da cewa ita ce ta fi cin aljihu. Shi ya sa za ka ga mutum yana rantsuwa bai ci ko sisi ba a shekarar, takarda kuma ta nuna ya ci riba. Ko kuɗin ruwan ma ba ko'ina ake cire shi kai tsaye ba. A Birtaniya, tun daga Afrilun 2020, mai gidan zama da ke ba da haya da sunansa, ba da sunan kamfani ba, rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 kawai yake samu a kansa.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen bambance gyara da ƙari. Rufi ya yi yoyo ka toshe, famfo ya lalace ka canza, wannan gyara ne, a shekarar ake cire shi. Amma ka ƙara ɗaki ko ka ɗora bene, ka zuba jari ke nan, kuma ba a cire shi lokaci guda. A Amurka ana rarraba kuɗin ginin gidan haya na zama a kan shekara 27 da rabi, ana cire kaɗan-kaɗan a matsayin tsufan gini. Filin ba ya ciki, tunda ƙasa ba ta tsufa.

To, ranar sayarwa ake yin ta. Ribar da za a yi wa haraji ita ce kuɗin sayarwa bayan an cire kuɗin saye da na ƙarin da ka yi. Benen da ka ɗora shekara goma baya, in babu takarda, tamkar ba ka ɗora ba, sai ka biya haraji a kan kuɗinka na kanka. A Amurka har tsufan ginin nan ana dawo da shi lissafi, harajinsa kan kai kashi 25, kuma ko ba ka taɓa neman a cire maka shi ba, za a ɗauka ka cire. Wannan doka ba ta yi mini daɗi ba, amma haka take.

Saboda haka ban ga dalilin da mutum zai mallaki gida sukutum, ya kasa buɗe masa asusun banki daban ba. Haya ta shiga nan, gyara ya fita daga nan. Magini ko mai aikin famfo da ba ya ba da rasit, a tura masa ta banki a rubuta aikin da ya yi. Rasit ɗin inji kuma rubutunsa gogewa yake, a ɗauki hotonsa tun ranar. Na ƙarin gini a adana shi har bayan an sayar da gidan, don hukuma na iya waiwayowa da tambaya bayan shekaru.