Idan an yi maganin mutuwa, wa zai riƙe wuƙa?

Wasu iyaye suna ɗaga hankali idan suka ga yaransu da littafin Scythe na Neal Shusterman, wanda ya fito a Amurka a 2016, wai labarin kisa ne kuma ya taɓa imani. Ƙagaggen labari ne dai, kuma yaron da ya je islamiyya ya san kowane rai sai ya ɗanɗani mutuwa. Nawa ƙorafin daban ne.

A labarin, an kai zamanin da ciwo da tsufa suka zama tarihi. Mutum ya faɗo daga saman bene ya ragargaje, a kwashe shi, bayan 'yan kwanaki ya tashi garau. Tsoho ya gaji da furfura, ya koma saurayi. Wata kwamfuta mai basira, Thunderhead, ita ke tafiyar da duniya, ba yunwa ba yaƙi. To haihuwa ba ta tsaya ba, sai aka ware wasu masu dogayen riguna aka ba su izinin ɗaukar rai, kowa da adadin da zai cika. Matasa biyu, Citra da Rowan, aka ɗauka koyon aikin, kuma rashin son sa ne ya sa aka zaɓe su. Wannan wurin ya burge ni, ba ƙarya.

Amma wannan littafin, na farko a jerin littattafan labarin, ya fi ba da ƙarfi wajen bambanta mai kisa da tausayi da mai kisa don nishaɗi. Maganar "mun yi yawa" kuwa sai ta wuce salin alin, kamar ba ta buƙatar hujja. Alhali tsohuwar magana ce, tun 1798 masanin tattalin arziki ɗan Ingila Thomas Malthus ya ce haihuwa za ta fi ƙarfin abinci, sai ga noma ya bunƙasa ya ba shi kunya.

Kuma duk inda hukuma ta yarda da ita, an san kan wa take ƙarewa. Sin ta ɗaure iyalai da dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, yau tana lallashin mutane su haihu. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta Firaminista Indira Gandhi, 1975 zuwa 1977, miliyoyin maza aka yi wa aikin hana haihuwa, akasarinsu talakawa. Can ma adadi aka yanka wa ma'aikata, har malamin makaranta ana riƙe masa albashi sai ya kawo mutanen da za a yi wa tiyata.