Hannu Ɗaya Ya Fi Tsawo

Saƙon kocin ɗana ya ce a iso bakin ruwa ƙarfe bakwai na safe domin gasar iyo. Na duba jadawali na ga tseren farko sai takwas, na ce wa uwargida wannan sa'a gudan ai ta marasa aikin yi ce. Muka isa takwas saura kwata. Ashe ita ce sa'ar ɗumama jiki, inda ake ba kowace ƙungiya layinta, yara su yi iyo a hankali, su gwada tsalle daga kan dakali, su ji santsin bangon da za su juya a jikinsa. Ɗana mai shekara 9 ya tarar an riga an fitar da kowa daga ruwa. Koci bai ce mini uffan ba. Ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya sake duban agogon.

Sannan ya miƙo mini takardar jeri da alƙalamin maka, ya ce in rubuta wa yaron lambobinsa a hannu. Lambobi uku ne ke riƙe da rayuwar yaro a wannan rana: lambar tsere, lambar rukuni, lambar layi. Tafkin layi 8 gare shi, yaran da suka shiga tsere ɗaya kuma sun fi 30, dole a kasa su rukuni-rukuni. Ana rubutun a busasshiyar fata, kuma ya fuskanci mai hannun, tunda shi zai karanta. Ni na rubuta yana fuskantata. Tsere na 14, rukuni na 2, layi na 6. Bayan minti biyar sai ga shi ya dawo ido ya yi rau-rau.

"Baba, na ƙirga har sau biyu, babu layi na 9. Ko a waje yake?"

Ina cikin juya masa hannu sai mai sanarwa ya ce ana neman iyaye masu riƙe agogo. Da ma ba a barin iyaye su sauko bakin ruwa, can sama ake ajiye mu, don haka na ɗaga hannu da sauri kamar ana rabon gado. Wata baiwar Allah, shugabar masu agogo, ta tara mu ta yi mana karatu. Mutum uku a bayan kowane layi. Kada ka jira ƙarar tashi ta iso kunnenka, ka kafa ido a kan fitilar da ke walƙiya tare da ita, domin haske ya riga sauti isowa. Idan mai iyo ya kusa, ka matso bakin ruwa ka leƙa, da zarar wani sashe na jikinsa ya taɓa bango ka danna. Kafin kowane rukuni ka tambayi yaro sunansa, ka duba ko shi ne a takarda. Idan agogonka ya ƙi tashi, ka ɗaga hannu, akwai na ko-ta-kwana a wurinta. Daga nan ta dubi takalmina na fata, na zuwa ofis, ta ce, "Malam, da wannan za ka tsaya?" Na ce babu damuwa. Kowa a wurin silifas ne a ƙafarsa. Rukunin farko na faɗawa ruwa na gane dalili.

Tashin kansa yana da tsari. Alƙali zai busa usur gajeru a jere, yara su tuɓe riguna su matso. Sai ya busa dogo guda ɗaya, su hau dakali. Mai tayarwa ya ce su ɗauki matsayi, su sunkuya su tsaya cak, sannan ƙara da walƙiya. Wanda ya riga ƙarar tashi ya fita ke nan. Ni dogon usur ɗin nan na ji na danna, agogona ya yi daƙiƙa 7 yana gudu yara suna kan dakali suna gyara tabarau. Na ɗaga hannu, ta kawo na ko-ta-kwana. Rukuni na uku ma na ɗaga. Daga nan ta daina komawa kujerarta, ta tsaya a bayana.

Aka zo tsere na 14, mita 50 na iyon kwaɗo, a tafki mai tsawon mita 25, wato zuwa da dawowa. Ni ina layi na 2, ɗana yana na 6. A nan sai na koma daren jiya in faɗi laifina. Na tsayar da shi a jikin bangon falo, na ce ya miƙa hannu biyu, na sa alama da fensir. Na ce ya karkata kafaɗa ya miƙa ɗaya, sai ga shi ya wuce alamar da kusan yatsu huɗu. Na ce masa, "Ka gani? Wannan sirri ne, ko koci bai sani ba." Na kuma sayo masa sabon tabarau na ruwa, na ajiye tsohon a gida tunda ya koɗe.

Ana yin ƙara ya faɗa, kansa a ɗage, ruwa ya daki sabon tabarau ya sauko da shi kan baki kamar linzami. Ga shi ba dama ya tsaya ya gyara, domin a iyon kwaɗo hannaye biyu tare suke tafiya, ka cire ɗaya ka taɓa fuska ka karya doka. Haka ya je ya dawo da roba a haƙora. Ni kuwa ina ta kurma ihu, "Ja! Ja!" ga yaron da kunnensa ke cikin hular roba, hular kuma a cikin ruwa. Ya matso bango, ya karkata kafaɗa daidai yadda muka yi a falo, ya taɓa kafin kowa. Na daka tsalle na danna agogo.

Yaron da aka ba ni amanarsa a layi na 2 yana can da sauran mita 5.

Abokan aikina biyu suka rubuta 1:04.31 da 1:04.40. Ni na rubuta 57.80, hannuna na rawa. Shugaba ta leƙo ta ce in kwantar da hankalina, akwai faifan da ke manne a bango yana ɗaukar lokaci da kansa, ko da ya ƙi aiki ma, cikin agogo uku na tsakiya ake ɗauka. Ta ce an yi tsarin ne saboda irina. Ban ji haushi ba, ai ɗana ya ci.

Wani uba a gefe ya fara rage mini zafi. Ya ce cin rukuni ba cin tsere ba ne. Lokutan rukunan duka ake haɗawa a jera, kuma masu sauri su ke zuwa a rukunin ƙarshe, gwanayensu a layi na 4 da na 5. Na ce ko na goma ya zo mun gode Allah. Bayan rabin sa'a aka manna sakamako. Na bi da yatsa daga sama har ƙasa, sai can ƙarshen takarda na ga sunansa, babu lokaci a gabansa, sai haruffa biyu, D da Q. An soke shi. A iyon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi, hannu biyu ne za su taɓa bango lokaci ɗaya, a juyi da kuma a ƙarshe. Alƙaliyar da ke tsaye a kan layinsa ta ga komai.

Koci ya durƙusa gaban yaron ya ce kusan duk mai iyo an taɓa soke shi yana ƙarami. Wani a iyon rigingine zai kife ya kalli bango kafin ya taɓa a ƙarshen tsere, alhali tutocin da ke rataye mita 5 daga bango an sa su ne don ya ƙirga hannunsa ya isa a kan bayansa. Wani a tseren ba-ni-in-ba-ka zai faɗa kafin ɗan'uwansa ya taɓa, ya jawo wa mutum huɗu. Sai ya ce, "Amma wata uku muna taɓawa da hannu biyu. Wa ya koya maka wannan?"

Yaron bai yi magana ba. Ya ɗaga hannun nan mai tsawo, ya nuna ni.

Tserensa na biyu iyon gaba ne, wanda ko da ka ka taɓa bango ya halatta. Koci ya aro masa tsohon tabarau wurin wani yaro, ya sa igiyar a ƙarƙashin hula, ya ce ya manna haɓa a ƙirji idan zai faɗa. Ya gama lafiya, na 11, da lokacinsa a rubuce. Ni daga sama na kalla, domin an karɓi agogon an ba wata yarinya 'yar sakandare, aka ba ni gadin tawul biyu, ɗaya jiƙaƙƙe.

A mota takalmina na ta kukan kwaɗi duk lokacin da na taka birki. Na tambaye shi ko koci ya ce wani abu a kan gasa ta gaba.

"Ya ce ka zo, Baba, ƙarfe bakwai. Ya ce ka zauna kusa da Mama. Kuma wai a ɓoye fensir."