Makonni biyun farko bayan fita daga gidan yari

Idan aka sallami matashi daga gidan yarin Garwa ko na Marwa a arewacin Kamaru, gida kan cika da 'yan barka da arziki. Amma in yaron nan ɗan tiramol ne kafin a kama shi, to daga ranar haɗarinsa ya fi girma. Watannin da ya yi a tsare, ko ya daina sha ko ya rage, sun sa jikinsa ba ya iya ɗaukar abin da ya saba ɗauka. Shi bai san da haka ba. Abokan majalisa za su miƙo masa adadinsa na da, sai numfashi ya yi ƙasa, ko ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya gano cewa a makonni biyun farko, haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Alƙaluman na can ne, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne. Nan kuwa ƙwaya ba ta da wuyar samu. Iyakar da likitoci suka sa wa tiramol miligiram 400 ce a yini, amma wadda ake sayarwa a bakin tasha akwai mai 225, biyu kawai sun zarce iyaka. Har shanun noma ake ba wa a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, abin da masu bincike suka tabbatar a 2014 da suka ga burbushinta a ƙasa da saiwoyin itatuwa.

A ganina wayar salula za ta iya ceton rai a wannan tsakanin. Tun 2020, lokacin korona, Amurka ta yarda likita ya rubuta maganin buprenorphine, mai rage ƙishirwar irin wannan ƙwaya da wahalar dainawa, bayan ganawa ta waya. Sai dai kada a kwaso mana manhajar Faransanci mai cin data, a ce an yi aiki. Yawancin waɗannan samari ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa, wasunsu ba sa karatun boko. Murya suke bukata. Ma'aikacin lafiya ya kira da safe da Hausa ko Fillanci ya ce, "Ƙanena, ka yi barci jiya? Ciwon jikin fa?" Idan aka kira sau biyu ba a ɗaga ba, a nemi mahaifiyarsa ko yayansa, bisa yardar da ya bayar tun yana ciki. Ranar ganin likita a tura masa kuɗin acaɓa ta Orange Money ko MoMo, domin rashin kuɗin mota kaɗai ya isa ya katse magani.

Akwai ƙaramar matsala da ake mantawa. Layin wanda ya daɗe a tsare yakan mutu, sabo kuma ba ya samuwa sai da katin ɗan ƙasa, wanda da yawa ba su da shi. Wannan aiki ne na hukumar gidajen yari, ta kammala shi kafin ranar sallama. Sannan duk abin da ya faɗa wa mai kiransa ya tsaya tsakaninsa da asibiti. Ranar da aka ji lambar ta isa hannun 'yan sanda, babu wanda zai sake ɗaga waya.

Kira kuma ba ya maye gurbin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buprenorphine da methadone, wani magani mai aiki irin nasa, cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Ya kamata kwamitin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi da ma'aikatar shari'a su zauna, a fara duba masu wannan lalura tun suna tsare, kowanne ya fito da ranar ganin likita a rubuce, da sunan ma'aikacin da zai kira shi washegari.