Yadda Jirgin Yaƙi Ya Ci Tela da Yaƙi a Jidda

Ni tela ne. Shekara 19 ke nan ina taka keke a Jidda, kuma a layinmu na Sabil kowa ya san har yau ba na neman tabarau in zan zura zare a allura. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce hannuna ne ke rawa. Hannuna ƙalau yake.

Autana ya ci jarrabawa, na ce ya faɗi abin da yake so. Na zaci kazar Albaik zai ce, mu ci tare a wuce wurin. Sai ya ja ni wani shagon kayan wasa, ya nuna wani jan kwali mai hoton jirgin yaƙi yana keta hayaƙi. Spitfire ne na kamfanin Airfix, irin jirgin da Ingila ta yi Yaƙin Duniya na Biyu da shi. Kwali biyu ne a jere, ɗaya an rubuta 1:48, ɗayan 1:72. Na yi lissafin 'yan kasuwa: 72 ta fi 48 yawa, ga shi kuma ita ce mai araha. Na ce a raina mai shagon nan ya ruɗe wajen manna farashi. Na biya da sauri kafin ya farga.

Da muka buɗe a gida, babu jirgi babu dalilinsa. Wasu sandunan roba ne ruwan toka kamar ƙayar kifin da aka gama ci, 'yan mitsi-mitsin abubuwa na maƙale a jikinsu, sai takarda mai zane da lambobi. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Auta, jirgin ne wannan ko ƙasusuwansa suka ba ka?" Daga baya na gane cewa 1:72 na nufin an rage jirgin gaske sau 72. Spitfire na gaske tsawonsa mita 9 da 'yan kai, fuka-fukansa mita 11, don haka nawa in ya haɗu bai kai tsawon biro ba. Mai shago bai ruɗe ba ashe.

Na ce ba komai, wanda ke ɗinka wuyan jallabiya ba zai ji tsoron roba ba. Na ɗauko babban almakashina na yankan yadi, wanda ko yara ba na bari su taɓa, na ɗora a kan farfela. Ƙas! Farfela mai kunne uku ta koma mai biyu. Almakashi ba ya yanka irin wannan roba, matse ta yake yi ya murɗe, wurin ya yi fari ya tsage. Na koma ga abin yanke farce, shi kuma bakinsa a lanƙwashe yake, sai ya riƙa gatsar jikin fiffike kamar ɓera ya samu sabulu. Na koma murɗewa da hannu. Na koma reza. Reza ta yi aikinta tsakani da Allah, sai dai a kan babban yatsana ta yi shi.

Washegari na biya shagon kayan gini na ce a ba ni samfefa mai laushi. Mai shago ya ce wace lamba? Ni da lamba ta riga ta cuce ni jiya, na ce yau na waye, ƙaramar lamba zan ɗauka tunda aikin ƙarami ne. Na karɓi lamba 80. Ashe wannan ita ce ta kankare tsatsar ƙofar ƙarfe. Gugar farko ta share duk zanen layukan da ke jikin fiffiken, ya koma kamar bayan guza.

Amma duk wannan somin taɓi ne a kan abin da gam ya yi mini. Na sayo supa gulu a shagon abu riyalain, wato shagon kayan araha, uku a kati ɗaya. Na ɗiga shi a gefen gilashin da ke rufe kan matuƙi, na danna da yatsu biyu na riƙe. Gilashin da yake garau ya fara yin fari kamar an hura masa hazon hunturu, domin tururin wannan gam haka yake yi wa roba mai sheƙi. Ina cikin kallon ikon Allah sai aka kira Magariba. Na yunƙura in ajiye jirgi, jirgi ya ce atafau ba inda za ni ba tare da shi ba. Yatsa biyu sun zama ɗaya, jirgin yaƙi na reto a tsakaninsu.

Nan fa gida ya zama zauren fatawa. Uwargida ta ce alwalata ba za ta yi ba tunda ruwa ba zai taɓa fata ba. Babban ɗana ya ce lalura ce. Auta ya ce in ja a hankali kada in karya masa fiffike. Ni kuwa ina tsaye a bakin famfo, ina jin liman ya tada kabbara. A ƙarshe aka aro ruwan goge jan farce wajen maƙwabciya, wanda ke da asiton a ciki, aka jiƙa yatsun suka rabu. Na samu raka'ar ƙarshe da ƙyar, ina ƙanshin shagon gyaran amare. Da na dawo sai dabara ta zo mini: abin da ya cire gam a yatsa ai zai cire hazo a gilashi. Na ɗiga. Asiton narkar da wannan roba yake yi. Gilashin ya yi laushi, ya ɗauki hoton yatsana ras, irin basmar da ake ɗauka a filin jirgi.

Mai hankali a nan zai nemi wanda ya sani. Ni sai na yanke cewa ƙarancin manyan kayan aiki ne matsalata. Na kwana ina kallon Turawa da Japanawa a YouTube suna fesa fenti da wata 'yar bindiga mai kama da alƙalami. Ranar Juma'a bayan La'asar na tafi Haraj Sawarikh, can kudancin gari, na yi ta yawo har na samu bindigar fenti da kwamfaresarta kwance tsakanin tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki. Riyal 200 na ba da bayan dogon ciniki, na dawo ina taƙama. Wanda ya zauna a tsofaffin gidajen Jidda ya san bango ɗaya kan ɗauki soket iri biyu, na wuta 110 da na 220. A jikin kwamfaresar an rubuta 110, na gani da idona, bayan ta yi tari sau biyu ta saki hayaƙi a soket ɗin 220. Ko ɗigon fenti ba ta fesa ba. Dama ban sayi fentin ba tukuna.

Ɗan ƙanwata ne ya cece ni. A nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ashe ya daɗe yana wannan harka, ɗakinsa cike da tankokin yaƙi 1:35 na Tamiya. Ya zo gaisuwa, ya ga gawar jirgin a kan tebur, ya riƙe baki.

"Ya Kawu, haram alaik. Da me ka yanka wannan?"

Na nuna almakashi. Ya juya kai don kada in ga yana dariya, yaron akwai tarbiyya.

Kashegari ya dawo da sabon kwali irin na farko da wata 'yar jaka ta ajiye fensir irin ta 'yan firamare. Na ce ina sauran kayan? Ya ce, "Khalas, Kawu, su ke nan." Ya zazzage. Akwai 'yar filaya mai kaifi wadda gefe ɗaya na bakinta a shafe yake. Ya nuna mini yadda ake juya shafaffen gefen wajen abin da za a cire, a yanka nesa kaɗan, a bar ɗan tsini. Tsinin kuma sai a bi shi da wuƙa mai kama da alƙalami, mai bakin lamba 11, ana kankarewa a kan wata koriyar tabarmar roba don kada a yanka tebur. Ya ce a riƙa tura wuƙar gaba, ba wajen yatsa ba, yana faɗa yana kallon filastar da ke hannuna. Sai 'yan sandunan samfefa lamba 400 da 600 da 1000, a fara da ƙarama a ƙare da babba, domin a nan yawan lamba shi ne laushi. Na ce wato masu wannan sana'a sun haɗa baki ne a kan duk wata lamba ta zo a juye.

Abin da ya fi ƙayatar da ni gam ɗin ne. Kwalba ce 'yar ƙarama mai koren murfi, Tamiya Extra Thin, ruwan ciki tsinkakke kamar ruwan sha, da ɗan buroshi a jikin murfin. Ba a shafa shi kafin a haɗa. Sai an haɗa ɓangarorin biyu sun zauna daidai, sannan a taɓa bakin buroshin a kan tsagar, ruwan ya bi ta da kansa a guje, ya ɗan narkar da robar gefe da gefe su zama abu ɗaya, kamar walda. Ba ya kama fata. Na taɓa da yatsa don in tabbatar, na haɗa yatsun na raba, na sake haɗawa na raba. Ya ce in buɗe taga dai saboda warinsa. Gilashi kuwa farin gam na katako ake sa masa ɗan kaɗan, ya bushe garau ba hazo. Ragowar kayan jakar: matsefata mai tsinin baki, siririn tef na takarda ruwan ɗorawa, buroshi biyu, da 'yan kwalaben fenti irin wanda ake wanke buroshinsa da ruwa. Duka jakar ba ta kai kuɗin kwamfaresata ba. Na tambaye shi bindigar fenti fa? Ya ce sai na haɗa jirgi biyar ko shida tukuna, "shwayya shwayya, Kawu."

Na koma yin aikin a shago da rana, lokacin da zafi ke korar kowa daga titi. Ni da kaina na fenta ɗan matuƙin, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na yi masa ruwan ƙasar riga, na ɗiga masa fuska. Na kama shi da matsefata zan zaunar da shi a kujerarsa, na ɗan matsa fiye da kima. Ting! Bawan Allah ya tashi sama ba tare da jirgi ba. Ni da yarana biyu na shago muka durƙusa da fitilar waya, muka share ƙarƙashin kekuna, muka kakkaɓe ƙyallaye, har kwandon shara muka zazzage. Babu shi. Na haƙura na rufe gilashi a kan kujera ba kowa.

Bayan kwana takwas sai ga wani dattijo, tsohon kwastomana ɗan Makka, ya shigo fuska ba walwala. Ya ce yara su ba mu wuri. Ya zauna, ya yi shiru, sannan ya ce shekara nawa muke tare? Na ce sun fi goma, Alhaji. Ya ce ya taɓa cin mini kuɗin ɗinki? Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce to me ya yi mini da zan sa masa ɗan mutum a aljihun sabuwar jallabiyarsa, har da ido da hula?

Na ɗauko jirgin daga saman kabad na nuna masa kujerar. Na ɗauko takardar zane na nuna masa hoton matuƙin da lambarsa. Ya daɗe yana duba jirgi yana duba ni, mai furfura a gemu. Da na ga ya ɗan sauko sai na ce, "Alhaji, to ko za a taimaka a dawo mini da shi? Gilashin farin gam ne, zai ciru."

Ya ce ai tun ranar Talata aka yi masa tofi aka jefa shi a teku.