A daina zuba kifin gona a ƙoramun brook trout

Tun kafin ranar buɗe fatsa a watan Afrilu, motocin hukumar kifi ta jihar Pennsylvania a Amurka suke fita da tankuna, suna juye kifin da aka raina a gidajen ƙyanƙyasa cikin ruwayen jihar, sama da miliyan 3 kowace shekara. Abin da ke ci mini rai shi ne wasu daga cikin ƙoramun da ake juyewa akwai brook trout ɗan asali a cikinsu, kifin da jihar ta ayyana a matsayin nata tun 1970.

Wanda ya taɓa riƙe shi ya san darajarsa. A ƙoramar daji da wuya ya wuce tsawon tafin hannu, bayansa da zane kamar sawun tsutsa, gefensa da ɗigon ja cikin zoben shuɗi. Mai fatsa sai ya rarrafa bayan dutse, ya jefa ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, don ko inuwar mutum ya gani ya ɓuya. Ruwa mai sanyi yake so, da ya haura digiri 20 ya fara galabaita. Kifi irin wannan ne za a jibge wa ƙattin baƙi su ƙwace masa maɓoya da abinci?

An riga an gwada, an ga sakamako. A gandun tsaunukan Smoky na kudu maso gabashin Amurka, bayan an sare dazuzzuka a farkon ƙarni na 20, aka kawo wani baƙon kifi, rainbow trout, daga yammacin ƙasar. Ɗan asalin ya rasa kusan kashi 75 cikin 100 na mazauninsa. A 1976 aka haramta kama shi a gandun, ba a sake buɗewa ba sai 2006. A ƙoramar Lynn Camp Prong ta cikin gandun sai da aka zuba magani a 2008 aka kashe baƙin kafin a dawo da shi. Wannan asara ce aka saya da kuɗin jama'a, aka sake biyan kuɗi don gyarawa.

Masu cewa kuɗin lasisin fatsa ne ke riƙe hukumar kifi, don haka dole kowa ya cika jaka, sun mai da ƙorama kasuwar kifi.

Ga tafkuna, ga manyan koguna da suka riga suka ɗumama, a kai kifin gonar can. Duk ƙoramar da aka tabbatar brook trout na haihuwa a cikinta, a soke ta daga jerin motar nan, a bar itatuwan bakinta su yi mata inuwa.