Zariya ta yi renon masu zanen zamani, amma wa ke rubuta tarihin namu?

Idan yaro ya samu gurbin karatun zane-zane a jami'a, a gidajenmu da yawa jaje ake yi masa maimakon barka. Idan kuwa ya ce tarihin zanen zamani da sharhi a kansa yake so ya ƙware, shi ke nan, an sallama shi. "Shekara huɗu kana kallon hotuna, sannan ka ci me?" Ni dai ina ganin wannan rainin asara yake jawo mana, kuma hujjata tana nan Zariya.

A 1958 wasu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, manhajar ma ta Ingila ce, sai suka ce ba za su zama 'yan amshin shata ba: za su ɗauki dabarar Turai su haɗa da gadon gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Yau duk inda ake koyar da tarihin zanen zamani na Afirka, sai an ambaci Zariya saboda su.

To amma fitattun cikinsu daga Kudu suka zo, kowa kuma gadon gidansu ya ɗauko, ba laifinsu ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, a garin da suka yi karatun akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, akwai zanen da magina ke fitarwa a fuskar soro, ga ɗinkin aska takwas a babbar riga, ga zayyanar allo ta ranar sauka, ga hula zanna. Duk wannan fasaha ce mai ƙa'ida, mai salo, wadda ta sauya da zamani. Magina har keke da mota da jirgi sun riƙa sakawa a bango da suka shigo ƙasar nan. Mu kuwa mun bar su a matsayin "sana'ar hannu", mu saya mu sa, mu wuce.

Ku dubi Ibrahim El-Salahi na Sudan. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne a Omdurman. Ya yi karatu a Landan, ya dawo gida, ya mai da haruffan Larabci da ya tashi a cikinsu ginshiƙin zanensa. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa. Allon da ya tashi da shi bai fi namu ba. Bambancin shi ne an samu masu ilimin da suka zauna suka bayyana abin da yake yi, suka sa shi a cikin tarihi.

Nan ne aikin mai sharhi yake, kuma shi mutane ba su gane ba. Zane ba ya kai kansa kasuwa. Sai wani ya rubuta wa ya yi shi, yaushe, daga wa ya koya, me ya kawo sabo. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 gwana ce tun kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja, amma an san sunanta a duniya ne domin an rubuta shi, an baje kolin aikinta. Gwanayen tukwane nawa ne suka rasu ba wanda ya riƙe sunansu? Hoton Tutu na mai zanen Najeriya Ben Enwonwu da aka sayar sama da fam miliyan 1 a Landan a 2018, ba kuɗin fenti aka biya ba, tarihin da ke bayansa aka saya.

Na san wani zai ce batun surar mai rai fa? Wannan na bar wa malamai. Sai dai babban kaso na zanen zamani babu sura a ciki ko kaɗan, layi ne da launi da tsari, abin da masu zayyana da maɗinka suka daɗe da ƙwarewa a kai.

Maganar abinci kuma, ba zan yi muku ƙarya ba, aikin gwamnati a wannan fanni kaɗan ne. Akwai koyarwa, akwai gidajen tarihi irin Gidan Makama, akwai tsara tambari da tufafi da shirya wurin ɗaukar fim. Ba kowa zai yi kuɗi ba, kamar dai sauran kwasa-kwasan da muke tura yara ba tare da gardama ba.

Ɗalibin da ke neman abin rubuta kundin digiri, ya shiga cikin birnin Zariya ko Kano da waya da littafi, ya nemi tsofaffin magina, ya ɗauki hoton aikinsu, ya rubuta sunayensu da na iyayen gidansu da sunan kowane zane. Gidajen ƙasa rushe su ake yi ana zuba bulo da siminti kullum, masu sanin kuma tsufa suke yi.