Ta'aziyyar Kwamfuta a Teburin Mai Shayi

Bayan sallar isha'i ne. Bazazzagi na zaune a teburin mai shayi, ya rungume jakar kwamfutarsa kamar mai jego da jariri, yana jiran a soya masa ƙwai. Bafulatani na can ƙarshen benci, sanda a kafaɗa, kai a sunkuye yana latsa waya. Sai ga Bakano, mai gidan gem na bayan layi, ya iso da fuskar tausayi, ya durƙusa gaban Bazazzagi.

BAKANO: Salamu alaikum. Malam, ya haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan.

BAZAZZAGI: Wa alaikumus salam. Haƙurin me?

BAKANO: Ai sai haƙuri. Ta daɗe tana jinya, yanzu kam ta huta.

BAFULATANI: Subhanallahi! Wa ya rasu?

BAKANO: Kwamfutarsa. Yau da hantsi na sauke sabuwar PlayStation 5 guda biyu a shagona, dal a kwali. Daga yau duk mai buga gem a kwamfuta ya zama maraya.

BAFULATANI: Ayya. Ta bar 'ya'ya?

BAZAZZAGI: Rabu da shi, Ja'e. Kai kuma Alhaji tashi, kada gwiwarka ta yi ƙanta a banza. Wannan abin da kake kira sabuwa tun watan Nuwamba na 2020 ta fito. Sai yanzu labari ya iso Kano?

BAKANO: Kaya ba ya zama sabo sai ya shigo Kano. Kafin nan gwaji ake yi.

BAZAZZAGI: Kuma wannan ita ce ta'aziyya ta nawa? A 2000 da PlayStation 2 ta fito, yayanka ya zo ya yi mini gaisuwa. A 2013 da ta huɗu ta fito, kai da kanka ka zo, har ka cinye mini fate kwano guda. Kullum sai kun haƙa rami, sai mara lafiyar ta tashi ta ce a ba ta koko.

BAKANO: Kada ka raina ta biyun nan. An sayar da fiye da miliyan 155 a duniya. Da ita na yi aure, da ita na sayi fili.

BAZAZZAGI: Tana ina yanzu?

BAKANO: Tana ƙarƙashin gado.

BAZAZZAGI: To kwamfuta tana kan tebur. Ka taɓa jin Steam?

MAI SHAYI: Na'am? A ƙara ruwan zafi?

BAZAZZAGI: A'a Baba, ba naka tururin ba. Kasuwa ce ta gem a intanet, wani kamfanin Amurka mai suna Valve ya buɗe ta a 2003. A 2025 an wayi gari mutum sama da miliyan 40 suna cikinta a lokaci guda. A lokaci guda fa! Ya ninka mutanen jihar Kano.

BAKANO: Ƙarya ne. Duk lissafin da aka ce ya fi Kano yawa, ba a ƙirga da kyau ba.

MAI SHAYI: Mutum miliyan arba'in a kasuwa ɗaya? Wa ke sayar musu da shayi?

BAKANO: Bar shi, Baba, surutun boko ne. Ni ga abin da na sani. Yaro ya shigo shagona, ya ajiye kuɗinsa, ya ɗauki hannu, ya zaɓi Madrid, abokinsa ya zaɓi Barcelona, kafin ka ce kwabo an zura ƙwallo. Wanda aka ci ya biya, wanda ya ci ya zauna. Shi kuwa wannan, ranar da na je gidansa ya ce zai nuna mini gem, tun la'asar muke zaune. Wai sai ya sabunta direba.

BAFULATANI: Har da direba? Mota ce?

BAZAZZAGI: Wata 'yar manhaja ce da ke sa sassan kwamfuta su ji maganar juna.

BAKANO: Direba ya gama, sai aka ce gem ɗin ma na son nasa gyaran. Aka kira magariba, aka kira isha'i. Abin da na gani da idona a gidan nan shi ne wani koren layi yana tafiyar hawainiya.

BAZAZZAGI: Amma da ya buɗe fa? Ka ga hoto ko ba ka gani ba?

BAKANO: Ina barci ya buɗe.

BAZAZZAGI: Kuma harbi, Alhaji. Wa zai yi gem ɗin harbi da wannan hannun naka mai kama da ƙahon rago? Je ka ga masu buga Counter-Strike, duk da linzami suke saiti.

BAFULATANI: Tsaya, tsaya. Ɗazu direba, yanzu linzami. Aradu mamaciyar nan ba a san jinsinta ba. Doki ce ko mota?

BAKANO: Doki ce, Ja'e, kuma irin mai cin gero da yawa. Tambaye shi kuɗin katin hoto, wanda ke fitar da hoton gem a kwamfuta.

BAZAZZAGI: Ya danganta da...

BAKANO: Ba ruwana da ya danganta. Babban nan na kamfanin Nvidia, RTX 4090, nawa aka sa masa da ya fito a 2022?

BAZAZZAGI: Dala 1,599.

BAKANO: Kun ji! PlayStation 5 kuwa dala 499 ta fito. Wato kati ɗaya, ba allo, ba gida, ba komai, ya saye tawa guda uku har da canji. Kuma shi kaɗai wat 450 yake sha. Tawa gaba ɗayanta wajen wat 200 ya ishe ta. Ranar da ya jona irin wannan a ɗan ƙaramin injinsa, sai injin ya yi tari uku ya yi shiru.

BAZAZZAGI: Wa ya ce dole sai babban? Akwai na talaka. Kwamfutar da na saya a kasuwar Beirut ta Kano, ta hannu, tana buga mini ƙwallo lafiya lau. Da safe kuma in yi aikin ofis da ita, in rubuta wa ɗalibai jarabawa. Kai taka in ba gem ba me take yi? Ko takardar haya ba za ta rubuta maka ba.

BAKANO: Ai ita ke biyan hayar.

MAI SHAYI: Wannan kuma gaskiya ne. Malam, ga ƙwanka.

BAZAZZAGI: To bari mu yi maganar arhar. Alhaji, tsakaninka da Allah, in kana so yaranka su buga da wasu a intanet, me kake yi?

BAKANO: Ina biyan ɗan wani abu.

BAZAZZAGI: Ɗan wani abu duk wata, sunansa PlayStation Plus. Ni kuwa data kawai nake saya. Gem kuma, in ba faifai ba, a ina kake saye?

BAKANO: A shagon Sony, masu PlayStation ɗin.

BAZAZZAGI: Akwai wani shagon a cikin na'urar?

BAKANO: Babu.

BAZAZZAGI: Kuma duk gem da aka sayar a ciki, suna yankar wajen kashi 30 cikin ɗari. Shi ya sa ba sa tsawwala kuɗin na'urar. Ribar tana gaba.

BAFULATANI: Hoɗijam! Yanzu na gane. Mutum ya sayar maka da saniya da arha, amma igiyar tana hannunsa. Dusa sai tasa, gishiri sai nasa, in za ta gaisa da shanun maƙwabta sai ka biya kuɗin gaisuwa.

BAZAZZAGI: Allah ya ja zamaninka, Ja'e!

BAFULATANI: Taka kuma igiyar na hannunka, amma kullum tana wajen likitan dabbobi.

BAKANO: Allah ya ƙara maka shanu, Ja'e! Baba, zuba masa shayi, ni zan biya. Kuma kada a yi mini fuskar salihai, shi ma Steam ɗin nasa wajen kashi 30 yake yanka.

BAZAZZAGI: Yana yanka, amma ni in ya ishe ni sai in tsallaka wani shagon. Kuma ba ka faɗa musu labarin babbar yayarta ba, PlayStation 5 Pro ta 2024. Dala 700 ta fito, kuma ba wurin sa faifai. Sai ka sake cire kuɗi ka saya daban. An sayar maka da tukunya, murfi kuma sai wani cinikin.

BAKANO: Wannan dabarar kasuwa ce. Ni ina girmama duk wanda ya iya ta.

BAZAZZAGI: To ga wadda za ta hana ka barci. In aka kwance PlayStation 5, me ke ciki?

BAKANO: Albarka.

BAZAZZAGI: Ƙwaƙwalwar kamfanin AMD ce a ciki, Zen 2, irin dangin da ke cikin kwamfutocin mutane. Kishiyarta Xbox ma ita ce a cikinta. Tun ta huɗu a 2013 haka abin yake. Abin da ka sauke yau da hantsi kwamfuta ce aka sa mata farar riga, aka kulle ƙofar, aka kai makullin Japan.

MAI SHAYI: Ashe Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

BAKANO: Baba, kada ka haɗa ni dangi da Bazazzagi ina cikin cin biredi.

BAFULATANI: To in haka ne, Alhaji, kai ma ya haƙuri? Ashe rasuwar ta gidanku ce.

BAKANO: Ba gidanmu ba ce! Mu muna da gem ɗin da ba su da shi.

BAZAZZAGI: Kamar wanne? God of War da kuke tinƙaho da shi, Sony da kansa ya kawo mana shi kwamfuta a farkon 2022. Spider-Man ya biyo baya a shekarar. 'Ya'yanku ɗaya bayan ɗaya suka tare a gidanmu. Microsoft mai Xbox kuwa ya daɗe da raba ƙafa: ranar da gem ɗinsa ya fita a Xbox, ranar yake fita a kwamfuta.

BAKANO: Bayan shekara nawa aka kawo muku God of War ɗin? Mu tun 2018 muka cinye shi muka wanke hannu. GTA na biyar fa? A 2013 muka fara, ku sai 2015. Na shida ma da aka sanar, PlayStation da Xbox aka ambata, ba a ko yi muku sallama ba. Mu ake tuƙa wa tuwo, ku sai ɗumame.

BAZAZZAGI: Duk wanda ya san tuwo ya san ɗumame ya fi daɗi. Kafin ya iso mana an tsince tsakuwar, an ƙara man shanu, kuma sau da yawa kuɗin ya sauka.

BAKANO: Haka mara mata yake cewa.

MAI SHAYI: Ni fa wata na gani a hannun wani yaro ɗan Abuja, kamar faranti, da maɓallai hagu da dama. Ta wane gida ce a cikinku?

BAZAZZAGI: Steam Deck ke nan, ta 2022. Kwamfuta ce. Tamu ce.

BAKANO: Da hannu biyu ake riƙe ta, ba linzami, ba tebur. Tamu ce.

BAFULATANI: Jemage ke nan. Tsuntsaye su ce nasu ne, ɓeraye su ce nasu ne, shi kuwa yana can a rataye yana cin mangwaro.

Ana cikin haka sai unguwa ta yi ɗif. Fitilar mai shayi mai caji kaɗai ta rage. Can sai ga yaron shagon Bakano da gudu.

YARO: Alhaji, an ɗauke wuta! Ana minti na 88, Madrid na cin ɗaya. Wanda ake ci ya ce ba zai biya ba tunda ba a tashi ba.

BAKANO: To ka tada inji mana!

YARO: Ba mai. Ka ce a bari sai sabbin sun kawo kuɗi.

BAZAZZAGI: Ayya, Alhaji. Ya haƙuri? Dal a kwali, ga shi ko kwana ba ta yi ba. Bari ka ga aikin batir.

Ya zuge jaka, ya buɗe kwamfuta, ya danna. Koren layin nan ya bayyana, ya tsaya a kashi 97. Sai ta yi ƙara sau biyu, allon ya yi baƙi.

BAKANO: Direban ne ya sauka yin fitsari?

BAZAZZAGI: Batirin ne. Dama na hannu ne.

Shiru ya ɗan ratsa. Daga ƙarshen benci sai aka ji ƙarar harbi, tatatata, da wani haske yana wasa a fuskar Bafulatani.

BAKANO: Ja'e, me kake yi tun ɗazu?

BAFULATANI: Free Fire. Mu hamsin aka zubo daga jirgi, saura mu uku. Ku yi magana a hankali, akwai wani a bayan dutse.

BAZAZZAGI: A waya? Wannan ai ba gem ba ne.

MAI SHAYI: Ni dai a rediyo na ji an ce kusan rabin kuɗin gem na duniya daga waya yake fitowa. Ku biyun nan sauran rabin kuke wa faɗa.

BAKANO: A ina kake caji, kai da ke daji?

BAFULATANI: Ɗan faifan sola na ɗaura wa bijimi a doro. Yana kiwo, waya na sha.

Bakano ya matso ta dama, Bazazzagi ya matso ta hagu, har kawunansu na gwaruwa.

BAZAZZAGI: Ga shi can! Hagu, hagu! Da linzami ne da tuni ka gama da shi.

BAKANO: In ka mutu ni ne na gaba, ni na saya maka shayi.

BAFULATANI: Naira ɗari biyu duk zubi. Wanda aka kashe ya biya.

BAKANO: Kai, wannan ai dokar shagona ce!

BAFULATANI: A can na koya. Malam, riƙe mini sandar nan. Af, kafin in manta, sadakar ukun a gidan wa za a yi a cikinku? Don in san inda zan kai nono.